Albasa Talatin da Bakancen Clorinda

Zuwa ga Uwargida Fresia,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin watan nan ya ƙare, domin kwana ashirin da uku suka rage mana, kuma na riga na ɓata abu sau ɗaya da hannuna. Tambayata a kan abin yanka albasa ce. Na san filinki na masu kukan aure ne da masu rigimar gado, amma ki daure ki karanta har ƙasa, za ki ga ba wasa ya kawo ni ba. Ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Sai da na kai shekara hamsin da tara na shiga ajin yamma na manya, bayan an tashi daga gonar tuffa, kuma malamarmu takan ce in na shiga labari ba na gane ƙofar fita.

Bari in fara da abin farin ciki, don shi ya fi yawa. Na yi jika! Ɗanmu Aliro, shi kaɗai muke da shi, shekararsa goma sha ɗaya da aure shi da matarsa Yasna ba haihuwa, har mun daina tambaya, su ma sun daina amsa wa masu tambaya. A watan Mayu, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Yasna ta haifi 'ya mace wata bakwai. Kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Ranar da suka bar ni na leƙa ta a cikin kwalba, tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba. Suka sa mata suna Eloisa.

A rana ta uku likita ya yi mana bayani yana kallon takalminsa. Matata Clorinda ta juya ta fita. Ta hau bas ta koma ƙauye, ba ta ko biya ta gida ba, ta wuce ƙaramin cocinmu ta durƙusa ta yi bakance. Ta ce in yarinyar nan ta rayu, ranar baftismarta za ta yi empanada, gasasshen naɗin fulawar nan mai nama a ciki, dozin goma sha biyu da hannunta, ta raba wa duk wanda ya zo, da wanda aka gayyata da wanda ƙamshi ya jawo. Da ƙarfi ta faɗa. Matan da ke share cocin sun ji, kin kuwa san abin da suka ji duk ƙauye ya ji.

Uwargida, ke 'yar ƙasar nan ce, ba sai na gaya miki cewa sirrin empanada yana cikin albasa ba. Nama kowa na iya saya. Zaitun da zabibi da ɓarin dafaffen ƙwai ko ni zan iya sakawa. Amma albasar Clorinda daban take. Takan yanka ta ƙwaya-ƙwaya, kowace kamar ƙaramar ƙwayar masara, babu wadda ta fi 'yar'uwarta. Ta watsa mata tafasasshen ruwa da gishiri, ta tsane, ta soya da naman a wuta kaɗan-kaɗan, sannan ta bar haɗin ya kwana kafin a naɗe shi cikin kwaɓin fulawa. Shekara arba'in da bakwai muna tare, ban taɓa jin wanda ya ci nata ya yi ƙwannafi ko gyatsar albasa ba. Aikina ni tanderun ƙasa ne da ke bayan gida. In hura shi da itacen inabi, in share garwashin, in sa hannu in ji zafin, in ce ya yi. Iyakata ke nan. Kicin kuwa ko 'yar'uwarta ta jini ba ta bari ta taɓa mata katakon yanka.

Ranar tara ga Yuni da safe na ji butar shayi ta faɗi. Na shiga na tarar da ita jingine da bango, bakinta ya karkace, tana son kiran sunana ya ƙi fitowa. Shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Sai ga ni da mutum biyu a asibiti ɗaya, jika a hawa na uku, mata a hawa na ɗaya. Na haddace matakalar nan, hamsin da huɗu ce. Ba zan tsaya a kan waɗannan makonnin ba, ba na son tuna su.

Abin da nake son ki ji shi ne, dukansu sun dawo gida a watan Yuli, kwana shida tsakaninsu. Yanzu Eloisa ta haura kilo huɗu, in ta tsala kuka har karen maƙwabta amsa mata yake yi. Clorinda tana tafiya ba sanda, tana ci, tana sa ni in gyara hulata. Wani lokaci ina cikin ba kaji hatsi sai in ji ina dariya ni kaɗai kamar wanda ya zare. Abu biyu ne suka rage mata. Maganarta ta yi nauyi, sai kuma hannun dama. Yana riƙe cokali, amma yatsun kan saki abu ba ta sani ba, kuma ba ya jin taɓawa sosai. Tana zuwa wurin mai gashin ƙashi Talata da Alhamis, tana kuma shan wata ƙwaya mai tsinka jini da likita ya ce kada ta kuskura ta tsallake.

An sa baftisma Lahadin da ke bayan bikin 'yancin ƙasa na sha takwas ga Satumba. Dozin goma sha biyu kuwa, a lissafin Clorinda, albasa talatin ce manya da nama kilo shida. Na je na sami Fada a ɓoye, ya zo gida da kansa ya sha shayi, ya gaya mata Ubangiji ba ya ƙirga albasa, kuma marar lafiya na iya musanya bakancensa da addu'a ko kyandir. Ta saurare shi har ya gama, ta ƙara masa burodi, sannan ta ce a hankali, "Fada, ai ba da kai na yi alkawarin ba." Ya kalle ni, na kalli rufin ɗaki.

To ga inda na yi ɓarnar. Wata Talata Aliro ya kai ta gashi, na ce bari in yi mata bazata, ta dawo ta ga akwai hanya. Yasna ta kawo mini injinta na lantarki, mai kwano da wuƙa biyu masu juyawa a ciki. Da zuciya ɗaya ta kawo shi, jaririya a kafaɗa, ta ce, "Baba, ka ɗan taɓa ka saki, ka ɗan taɓa ka saki. Kada ka cika shi." Na ce na ji. Amma ni mutumin gona ne, in na tayar da inji sai ya gama aikinsa nake kashewa. Na cusa albasa shida har baki, na danne maɓallin, na tsaya ina kallon furen da ya fara fitowa a itatuwa ta taga. Da na buɗe, sai na ga kunu, fari, har da kumfa. Maimakon in haƙa rami in binne abin kunyata, sai na ce wuta za ta gyara. Na juye a tukunya da nama. Ruwa ya yi ta fitowa, naman yana iyo, gidan ya ɗauki wani wari mai yaji da ban taɓa ji ba.

Tun daga ƙofar shinge ta ja hanci. "Tsoho, wa ya mutu a kicin ɗina?" Ta shigo, ta ɗauki cokali da hagu, ta ɗanɗana da bakin harshe. Sai ta juyo. "Shekara arba'in da bakwai kana ci, ashe ba ka taɓa duba abin da ke shiga bakinka ba? Wannan ko kare na ba, sai ya kai ni ƙara. Ɗaci kamar maganin tsutsa! Wa ya aike ka? Jakin gona kawai, an bar ka da gida awa biyu ka mai da albasa wankin kwano. Kuma wannan abu mai ƙugi kamar injin haƙa rijiya, wa ya ce a shigo mini da shi? Da hannuna na ce, tsoho. Da hannuna na ce, ban ce da wutar kamfanin lantarki ba!"

Uwargida, tun da ta kwanta ciwo ba ta jera kalma biyar ba sai ta tsaya ta laluɓo ta shida. Ranar nan ta yi minti goma ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, har kakana da ba ta taɓa gani ba sai da ya samu rabonsa. Aliro ya tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, yana dariya hawaye na zuba. Ni kuwa na zauna a kan buhun dankali ina cewa, "Ƙara, tsohuwa, ƙara." Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba, kamar in zuba ruwa a ƙasa in sha. Da muka gaya wa mai gashin ƙashi, ta ce in ci gaba da ɓata mata rai, amma kaɗan-kaɗan.

Da a nan labarin ya tsaya da ban rubuto miki ba. Washegari da hantsi na dawo daga wajen kaji na same ta tsaye a kicin, wuƙa a hannun hagu, ta danne albasa da na daman. Ba ta ma san ta yanke ba sai da ta ga katakon ya yi ja. Yankan bai kai rabin farce ba, amma saboda ƙwayar nan jinin ya ƙi tsayawa, ƙyalle biyu ya jiƙa, sai da muka je ƙaramin asibiti aka ɗaure. A hanyar dawowa, a cikin bas, ta kalli yatsan ta ce, "In ban cika ba, wani abu ya sami yarinyar nan, da wane ido zan kalli Yasna?" Da muka iso gida na tattara duk wuƙaƙen gidan, har da ta burodi, na ɓoye su a cikin tanderu na toshe bakin. Ta san ni na ɗauke, ta kuma san inda suke. Ba ta ce komai ba. Da hannu take gutsurar burodi yanzu, kuma wannan shirun ya fi mini zagin ciwo.

Na ce to ni zan zama hannunta. Shekara arba'in ina aurar da itatuwan tuffa, na san wuƙa, sai dai reshe ba ya sa mutum kuka. Awa guda na yi a kan albasa uku, wasu gutsattsarin kamar haƙorin doki, wasu kamar shinkafa. Kuma ko da na iya, hannuna ne, ba nata ba. Matan coci sun ce za su zo su taya, ta gode musu ta ce su zo ci.

Ranar Asabar na shiga birnin Curicó, wani kantin kayan kicin kusa da tashar bas. Mai kantin, wani mai gashin baki kamar tsintsiya, ya jera mini abu uku. Na farko na lantarki ne, ya ninka na Yasna girma, da wuƙaƙe kala-kala a cikin kwali. Ya buga shi da tafin hannu ya ce, "Kaka, wannan ko takalminka ka jefa sai ya yanka maka shi dai-dai wa daida." Na biyu ɗan kwano ne mai murfi da igiya, ana ja kamar yadda ake tayar da injin yanka itace, wuƙar ciki ta juya. Ba ya son wuta. Na uku shi ma ba ya son wuta, kuma da ƙyar ya sauko da shi daga kanta. Kamar ɗan akwati ne dogo, da murfi mai maɗauri a gefe ɗaya, a bakinsa akwai ragar wuƙaƙe kamar ragar taga. Ka ɗora ɓarin albasa a kan ragar, ka danna murfin, gutsattsarin su zube cikin akwatin. Ya ce wannan na masu zaman ɗaki ɗaya ne da ke yanka albasa guda a mako. Ni ma da na ɗaga shi na ji ba nauyi, kamar abin wasan yara, na ce kafin albasa ta goma zai karye. Na fito ban sayi komai ba.

Aliro ya ce in sayi babban na lantarki, shi zai biya, a wannan karon Yasna ta danna. In kuma mahaifiyarsa ta ƙi, akwai wata mata a garin Molina da ke yin haɗin na sayarwa, a sayo a ɓoye, Mama ta naɗe bakinsu kawai. Ya ce, "Baba, na gaji da asibiti. Ba zan sake kwana a kan bencin nan saboda albasa ba." Ban ga laifinsa ba. Yasna kuwa ta zo ta naɗe injinta a tawul ta tafi da shi kanta a ƙasa, domin maganar injin haƙa rijiya ta kai kunnenta, alhali yarinyar nan alheri ta yi nufi, kuma ta gaya mini yadda zan yi, ni ne ban ji ba.

Ki gane ni, Uwargida, ba kuka na kawo miki ba. A watan Yuni na ɗauka mutum biyu zan binne, yau ga shi damuwata albasa ce. Wanda damuwarsa ta koma albasa ai sai godiya ga Allah. Amma na san matata. In ban samo mata hanya ba, ranar da na juya baya za ta buɗe tanderun nan. Wanne zan saya a cikin ukun? Ko akwai na huɗu da ban gani ba? Ko kuwa in bi maganar Aliro? Sunayen nan duk na gaskiya ne, kada ki damu, matata ba ta karanta jarida, wuta take hurawa da ita.

Naki,
Kakan Bakwaini, daga wajen Molina


Kakan Bakwaini,

Barka da arziki, har sau biyu. Wasiƙarka ta sa ni dariya ta kuma sa na cire tabarau na goge. Ka gaya wa malamarka ka gane ƙofar.

Matarka ta riga ta yi maka rabin zaɓin. Daɗin zagin ne ya hana ka jin bayanin da ke ciki. Sharaɗi biyu ta gindaya: albasa ta fito ƙwaya-ƙwaya ba ɗaci, kuma hannunta ya yi aikin. Da su za mu auna kayan mai gashin baki.

Na lantarki inji ne mai kyau, kuma abin da Yasna ta gaya maka daidai ne. Wuƙarsa dukan albasa take yi tana juyawa, in aka daɗe sai albasar ta farfashe ta saki ruwanta, daga nan ɗaci da warin suke fitowa. In aka sa kaɗan-kaɗan, albasar da sanyinta, ana taɓawa ana saki, yakan fitar da abin da za a iya ci, kuma masu yin na sayarwa da yawa da shi suke aiki. Amma ƙwayoyin ba za su zo ɗaya ba, sharaɗi na biyu kuma ya faɗi gaba ɗaya. Ƙara girman injin ba zai gyara ko ɗaya ba. Ka bar shi a kanta.

Mai igiya ma ka bar shi. Yana son hannu ɗaya ya danne da ƙarfi, ɗayan ya fizga, sau goma sha ko ashirin a kan kowace albasa. Ka ninka wannan sau talatin a kafaɗar matar da ta tashi daga irin ciwon nan. Wuƙarsa kuma juyawa take yi kamar ta lantarkin.

Na ukun da kuka rena shi ne naku. Irinsa nake amfani da shi tun da yatsuna suka fara ciwon sanyi. Sau ɗaya yake yanka, daga sama zuwa ƙasa, kamar wuƙa, don haka albasar ba ta farfashewa, ƙwayoyin kuma sukan fito kansu ɗaya. Da tafin hannu da nauyin jiki ake danna shi, ba da yatsu ba, kuma in an rufe murfin babu yatsan da ke kusa da kaifi. Sai dai mai kantin yana da rabin gaskiya, marasa ƙwari a cikinsu sukan karye a maɗauri. Ka nemi mai ragar ƙarfe da ba ta lanƙwasa in ka matsa gefenta, mai maɗauri mai kauri, mai dogon murfi, domin tsawon murfin shi ke rage ƙarfin da za a sa, da ƙafafun roba da ba sa zamewa. Yawancinsu suna zuwa da raga biyu, mai ƙananan ido da mai manya. In da hali ka sayi guda biyu, kada ɗaya ya ba ku kunya a tsakiyar aiki.

Amma kada ka je kai kaɗai. Kuskurenka na ranar Talata bai tsaya a danne maɓalli ba. Ka shiga kicin ɗinta a bayan idonta, ka yanke hukunci a kan alkawarin da ita ta ɗauka. In ka shigo mata da wannan a naɗe cikin kwali, ko na zinariya ne za ta ƙi shi, kuma da gaskiyarta. Ka gaya mata abin da ka gani, ka ɗauke ta ku je tare, da albasa uku a jaka. Ita za ta danna, ita za ta duba ƙwayar, ita za ta zaɓi raga. Kantin da ya hana gwaji, ku shiga na gaba. Daga nan ku kai shi wurin mai gashin ƙashi ta gani kafin a fara. In ta yarda hannun dama ya kwanta a kan murfi na hagu ya danna daga sama, kun sami motsa hannu a kyauta. In ta ce hagu kaɗai, to hagun ma hannun Clorinda ne. Sannan ku gwada dozin guda mako ɗaya kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wuƙaƙen nan, ka fito da su daga tanderu yau. Tsoronka yana kan hanya, domin yanka ga mai shan wannan ƙwayar ba abin wasa ba ne. Amma ɓoyewar ta mai da ita yarinya a gidanta. Ka mayar da su inda suke a gaban idonta, ka roƙe ta ta yi maka alkawari ba za ta ɗauki wuƙa ba sai mai gashin ƙashi ta ba da izini. Matar da ta riƙe maganarta har ta mayar da Fada gida da burodi a ciki, in ta ce maka ta yi alkawari, ka kwanta ka yi barci. Ɓare albasa, cire gindi, raba ta huɗu don dannawa ta yi sauƙi, yanka nama, duk naka ne da Aliro. Wanke ragar ma naka ne, da buroshi, kada ta kusance ta ko sau ɗaya.

Aliro ba shi da laifi. Mutumin da ya kusa rasa uwa da 'ya a wata guda yana da ikon ya ji tsoron albasa. Ka gaya masa ka ji shi, ka nuna masa yadda abin yake aiki don hankalinsa ya kwanta. Amma maganar sayowa a ɓoye a bar ta. Loma ɗaya za ta gane, kuma za ta gane a gaban jama'a, a ranar da ta fi kowace rana a wurinta. Yasna kuwa ka je ka ba ta haƙuri da bakinka, ka ce ta faɗa maka daidai kai ne ka yi kunnen ƙashi. Ka kuma gaya wa matarka yadda yarinyar ta fita da tawul. Ina zaton ita da kanta za ta aika a dawo da injin. Taron mutum ɗari yana son kabeji da karas da yawa, kuma a wannan aikin babu abin da ya kama ƙafarsa.

A kan bakancen, ni ba Fada ba ce, amma ina tare da shi cewa ran Eloisa bai rataya a kan albasa ba. Ka riƙa gaya wa matarka haka a hankali, lokacin da take riƙe da yarinyar, ba lokacin gardama ba. Sai dai kada ka yi ƙoƙarin raba ta da alkawarin. Shi ne ya tayar da ita tsaye a kicin. In ta yi shakkar ko akwatin ya halatta, ka tambaye ta ko da farce take yaga albasa duk shekarun nan. Wuƙa ma kayan aiki ce, hannun da ya tura ta shi ake ƙirgawa.

Ranar Juma'a ku raba aikin biyu, sha biyar da safe, ta ci abinci ta huta, sha biyar da la'asar. Ku sa akwatin a kan teburi mai ƙasa-ƙasa da jiƙaƙƙen ƙyalle a ƙarƙashi, don nauyin jikinta ya yi aikin. Duk abin da aka yanka a soya shi a ranar, ta yadda ta saba, ita ce mai gishiri ita ce mai cewa a sauke. Ku baza haɗin a faffaɗan tire ya huce da wuri, ku sa a firji. In ta ji jiri ko ciwon kai, a tsaya, babu jayayya. Wannan ma ka sa shi cikin alkawarin.

Mai yiwuwa ne wajen albasa ta goma ko ta ashirin hannun ya gaji, murfin ya ƙi sauka. Na san abin da zuciyarka za ta ce maka: ka janye ta ka ƙarasa. Kada ka yi. Ka matso kusa, ka bar tafinta inda yake a kan murfin, ka ɗora naka a kai, ku danna tare. Hannun da ke taɓa murfin nata ne, tun daga ta farko har ta talatin.

Allah ya raya Eloisa, ya ƙara wa Clorinda lafiya da kaifin harshe, ya sa tanderunka ya yi zafi daidai, a ci a ƙoshi babu mai ƙwannafi.

Taku,
Fresia